Tambaya Da Amsa: Wai Sikots harshe ne, ko Turanci ne ya ji jiki?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙun wannan karon kamar an haɗa baki, kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato maganar mutanen Sikotlan da kuma tsohuwar rigimar nan ta ina harshe ya ƙare ina karin harshe ya fara. Na zaɓi biyar, wasu na ɗan rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce, wata na huɗu kenan a Edinbara, babban birnin Sikotlan, ina digiri na biyu. Kafin in zo gani nake ba wanda zai sayar da ni da Turanci, amma wallahi ranar farko na tambayi wata tsohuwa hanya a tashar bas sai ta ce min "Ah dinnae ken, hen", ni dai kaza kawai na tsinta a maganar, har raina ya ɓaci nace daga tambaya sai zagi? A aji ina gane malamai tsaf amma ina shiga bas ko shago sai in koma kurma. Turancin ne suka lalata ko wani yare ne daban?

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, baiwar Allahn nan ba zaginki ta yi ba, cewa ta yi "ban sani ba 'yar nan". Hen ɗin kiran lallashi ne da suke yi wa mace, ken shi ne sani, dinnae kuma korewa ce. Abin da kika ci karo da shi su suna rubuta sunansa Scots, mu sai mu ce Sikots.

Ƙasar da kike ciki baki uku gare ta, kuma nan ne mutane ke rikicewa. Akwai Turancin Sikotlan, shi ne na aji da kotu da labaran talabijin, Turanci ne cikakke sai dai lafazi da 'yan kalmomi nasu. Akwai Galik, wannan ba ruwansa da Turanci sam, za mu zo kansa. Sai Sikots, na bakin tsohuwar nan.

Maganar lalatawa kuwa, toh ai kafin a ce mutum ya lalata abu sai abin ya taɓa shiga hannunsa da kyansa. Sikots ba ɗan Turancin Landan ba ne balle a ce ɗa ne ya ɓaci, ɗan'uwansa ne, kakansu ɗaya. Mutanen da ake kira Angil sun tsallako daga wajen arewacin Jamus da Denmak tun ƙarni na 5, wasunsu suka kafa masarautar Nozambiriya a arewacin Ingila, a ƙarni na 7 ikonsu ya kai har yankin da Edinbara take a yau, suka zo da bakinsu. Daga baya a ƙarni na 12 Sarki David na ɗaya na Sikotlan ya kakkafa garuruwan kasuwanci, 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta kwarara daga arewacin Ingila, su kuma bakinsu ya riga ya gauraya da na 'yan Bayikin, mayaƙan teku daga wajen Denmak da Nowe, ga kuma Filemawa, mutanen yankin Beljiyam na yau, masu saƙa da fatauci. A tukunyar nan Sikots ya dahu. Na Landan kuma a wata tukunyar can kudu, shekaru ɗaruruwa kowa na tafasa shi kaɗai.

Ga abin da zai ba ki dariya. A tsohon Turanci gida hus ne, ɓera mus, saniya cu, duk da dogon wasalin "uu". Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 wasulan mutanen kudancin Ingila suka yi ƙaura, uu ta koma au, shi yasa yau Bature ke cewa house, mouse, cow. Ɗan Sikotlan bai bi su ba, har gobe hoose, moose, coo yake cewa, ƙasa kuma doon. Haka gh ɗin nan da ake rubutawa a night da daughter ba a furtawa, da can furta shi ake yi, sauti ne daga maƙogwaro mai kama da "kha" ɗin Larabci, Ingila ta yar da shi ta bar haruffan suna zaman banza, Sikots ya riƙe kayansa, nicht, dochter, loch. Toh yanzu fisabilillahi in za a kama wanda ya canja magana wa za a kama? A wasu wuraren kuma kowa ya kama gabansa ne, ham da stan na da suka zama home da stone a kudu, hame da stane a arewa.

Kalmomi ma kowa da inda ya yi aro. Kirk wato coci daga bakin 'yan Bayikin take, bairn wato yaro kuwa in kin je Nowe ko Suwidin barn za ki ji. Ƙawancen Sikotlan da Faransa tun 1295 ya bar musu ashet, babban faranti, da fash, damuwa ko ɓacin rai. Pinkie, ƙaramin yatsa, daga mutanen Holan. Nahawu ma da nasa, jam'in ido een ne, na takalmi shuin, na saniya kye, kuma nuni hawa uku suke da shi, this na kusa, that na can, yon na can nesa.

Sai dai kar in ɓoye miki, da wuya ki samu mutum a titi yana zuba Sikots zalla daga safe zuwa dare. Yawanci kamar maɓallin rediyo ne, mutum ɗaya in yana gaban manajan banki ya murɗa wajen Turanci, in ya koma cikin abokansa ya murɗa wajen Sikots, tsakiya kuma ga tasha ba iyaka. Malaman da kike ganewa a aji, ki bi su gidan iyayensu ranar Lahadi ki sha mamaki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, abin da muka koya kuma muke koyarwa shi ne idan mutum biyu suna fahimtar juna to karin harshe ne, idan ba sa fahimta harsuna biyu ne. Meye kuma na wahalar da kai? A gwada Sikots da wannan ma'auni mana a huta.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ma'aunin nan naka ba ƙarya ba ne, da shi kowa ke farawa, matsalar kawai yana zubar da ruwa ta wuri uku ko huɗu.

Ɗauki Denmak da Nowe da Suwidin. Ɗan Nowe ya zauna da ɗan Suwidin su sha hira kowa da bakinsa, ya ɗauki jaridar Denmak ya karanta ba ƙamus, amma duniya ta yarda harsuna uku ne. Hindi da Urdu a bakin talaka a kasuwa abu ɗaya ne, sai an zo rubutu ɗaya ya ɗauki haruffan Indiya ɗaya na Larabci, manyan kalmomi wannan ya ɗebo daga Sanskirit wancan daga Farisanci da Larabci. A tsohuwar Yugoslabiya harshe ɗaya ake lissafawa, ƙasa na fashewa sai ga na Sabiya ga na Kuroshiya ga na Bosniya, Montenegro ma ta sa nata a tsarin mulki a 2007, alhali ba wanda ya kwana ya tashi ya kasa gane maƙwabcinsa. Juya ta ɗaya gefen kuma, mai Mandarin daga Bejin da mai Kantonis daga Hon Kon ba sa gane juna da baki ko kaɗan amma a Sin kare-karen harshe ɗaya ake ce musu, haka ɗan ƙauyen Maroko da ɗan ƙauyen Iraƙi in kowa ya saki bakin gidansu sai an sha fama, kuma duk Larabci ne.

Na biyu, ita fahimtar ba eh ko a'a ba ce. Kashi nawa za a gane kafin a ce an gane? Kuma ba ta tafiya daidai ta kowane ɓangare, ɗan Fotugal ya fi gane ɗan Sifen fiye da yadda ɗan Sifen ke gane shi. Sikots ma haka, duk mai Sikots yana jin Turanci saboda da shi aka yi masa makaranta da shi yake kallon talabijin, amma ɗauko ɗan Landan ka ajiye shi cikin masunta a arewa da Abadin, birnin arewa maso gabashin Sikotlan, ka ga ido. In ka ce sun fahimci juna, wa ya fahimci wa? Kuma kunne ma yana da son rai, bakin mai kuɗi da mulki kowa na ƙoƙarin ganewa, na talaka sai a ce ba a ji.

Na uku shi ne sarƙa. Da mutum zai taka da ƙafa daga tsaunukan Ostiriya ya ratsa Jamus har gaɓar tekun Holan yana sauraron tsofaffin ƙauye, kowane ƙauye na gane na gaba da shi, amma na farko da na ƙarshe ba sa gane juna. A wane ƙauye za ka sa almakashi?

Shi yasa maganar nan ta yi suna, wadda masanin Yidish, harshen Yahudawan Turai, Max Weinreich ya buga a 1945, ya ce daga bakin wani mai sauraron laccarsa ya ji ta, wai harshe karin harshe ne da ya mallaki sojan ƙasa da na ruwa. Raha ce amma da gaskiya a ciki, sai dai ni ina ganin an cika jan ta, domin Yidish ɗin kansa bai taɓa mallakar ko kwalekwale ba kuma ba mai musun harshe ne.

Wanda ya fi gamsar da ni Bajamushen nan ne Heinz Kloss. Ya ce hanya biyu ce magana ke zama harshe. Ko dai ta nisa, wato ta yi nesa da kowa yadda ba gardama, kamar Bask da ke tsakanin Sifen da Faransa wanda ba shi da dangi ko ɗaya. Ko kuma ta gini, wato tana da 'yan'uwa na kusa amma masu ita sun zauna sun gina ta, sun yi mata ƙa'idar rubutu da ƙamus da nahawu, suna shari'a da ita suna koyar da lissafi da ita. Afirkans ta wannan ƙofar ya shigo a 1925, na Lukzambok a 1984, kafin nan ana musu kallon karin Holanci da karin Jamusanci ne.

Tambayar da nake so ka riƙa yi wa ɗalibanka ita ce, mai maganar nan in ya ɗauki alƙalami, ƙarƙashin rumfar wa yake shiga? Misali mai kyau yankin Sikone ne a kudancin Suwidin. Ƙasar Denmak ce har 1658 da aka yi yarjejeniyar Roskilde aka miƙa wa Suwidin. Manoman wurin ba su canja baki a daren ba, amma a hankali coci da makaranta da kotu suka koma na Suwidin, yau maganarsu karin harshen Suwidin ake lissafa ta, da karin na Denmak ce. Baki na nan, rumfa ce aka canja. Riƙe wannan, da shi za mu gane tambaya ta gaba.

TAMBAYA: Yallaɓai na ji an ce wai Sikots har harshen fada ya taɓa zama. In gaskiya ne me ya kayar da shi haka har ake gardamar ko harshe ne?

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma ba ƙaramar fada ba. Tun wajen 1375 John Barbour ya rubuta doguwar waƙar tarihin Sarki Robert Bruce da shi. Daga 1424 dokokin majalisar ƙasar da shi ake rubutawa maimakon Latin. A 1508 aka kafa injin ɗab'i na farko a Edinbara, waƙoƙin Sikots na cikin abin da ya fara bugawa. Jakadan Sifen Pedro de Ayala ya rubuta wa sarakunansa a 1498 cewa bambancin bakin sarkin Sikotlan da Turanci kamar na Aragon ne da na Kastil, masarautu biyu na Sifen, wato 'yan'uwa biyu kowa da masarautarsa. Wani abin sha'awa, su kansu da farko Inglis suke kiran harshen, sai ƙarshen ƙarni na 15 aka fara ce masa Scottis, Gavin Douglas da ya fassara babbar waƙar Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, a 1513 yana cikin waɗanda suka kafe kan sabon sunan.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Duka uku ya sha, kuma ba ko ɗaya da aka yi da niyyar kashe harshe.

Na farko addini. A 1560 Sikotlan ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta, su kuma aƙidarsu kowa ya karanta Baibul da bakin da yake ji. Toh babu fassarar Sikots bugagga a hannu, ga kuma ta Turanci da aka yi a Janiba a shirye, sai aka ɗauka. A 1579 har doka aka yi cewa duk magidanci mai hali ya ajiye Baibul a gidansa. Ka duba abin da wannan ke yi wa zuciyar mutum, kullum in za a yi maganar Allah da Turanci ne, in za a yi maganar shanu da bashi da faɗan maƙwabta da Sikots. Jamusawa sun samu fassarar Baibul ta Martin Luther, jagoran Furotesta, ta zama ginshiƙin daidaitaccen harshensu, Sikots bai samu irin wannan ba, Sabon Alkawari da ya yi suna a Sikots sai 1983 aka buga shi, aikin William Lorimer, an makara da shekara ɗari huɗu.

Na biyu sarauta. Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta rasu a 1603 ba ɗa, gadon Ingila ya faɗo kan Sarki James na shida na Sikotlan, mutumin da shi kansa marubuci ne da Sikots har littafin ƙa'idojin waƙa ya yi. Ya tattara ya koma Landan da alkawarin zai riƙa leƙo gida duk shekara uku, sau ɗaya tak ya dawo, a 1617. Kowa ya bar gida gida ya bar shi. Mawaƙa da fadawa suka bi shi, mai neman a saya littafinsa ya koma rubutu da Turanci saboda kasuwar ta fi girma, Baibul ɗin da ke ɗauke da sunan sarkin ma na 1611 da Turanci ya fito.

Na uku a 1707 aka haɗe majalisar Ingila da ta Sikotlan, ta Edinbara ta rufe, mulki ya koma Landan gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi, domin daga nan masu harshen ne da kansu suka fara jin kunyarsa. Manyan masanan Edinbara na ƙarni na 18, mutanen da Turai ke ji da su, suna rawar jiki kar a ji ƙauyanci a rubutunsu. David Hume da duk ilminsa ya zauna ya jera kalmomin Sikots da ya kamata marubuci ya guje wa, shi kuwa an shaide shi da cewa in ya buɗe baki lafazin garinsu ne raɗau, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A 1761 wani ɗan Ailan, Thomas Sheridan, ya zo Edinbara yana lacca kan yadda ake furta Turanci, manyan gari ɗaruruwa suka biya kuɗi suka zauna kamar 'yan firamare. Da dokar ilmi ta 1872 ta wajabta makaranta sai abin ya sauko kan 'ya'yan talakawa, yaro ya ce aye maimakon yes ya sha tsawa ko bulalar fata da suke kira tawse, wadda ba a hana ta a makarantun gwamnati ba sai 1987. Tsofaffi da yawa da ke raye yanzu da wannan suka tashi, shi yasa in ka ce wa wani kakanka harshe yake yi sai ya ce a'a, mummunan Turanci ne kawai.

Waƙa ce ta riƙe shi. Robert Burns, ɗan manomi da aka haifa a 1759 ya rasu a 1796 yana ɗan shekara 37, har yau duk 25 ga Janairu ana bikin tunawa da shi, kuma waƙar da ake rerawa daren shiga sabuwar shekara a ƙasashe da dama, Auld Lang Syne, daga hannunsa ta fito, miliyoyi na rera Sikots ba su ma sani ba.

TAMBAYA: Malam ni na ɗauka yaren Sikotlan shi ne na mutanen kan dutse masu busa algaita da ɗaura zane. Shi ne Sikots ɗin? Kuma mutum nawa ke yin sa?

AMSA: A'a, wancan Galik ne, dangin harshen Ailan, daga gidan harsunan Selt yake, wani gida daban da na Turanci, nisansa da Sikots ya fi nisan Sikots da Jamusanci. Ƙarfinsa yanzu a tsibiran yamma yake, ƙidayar 2011 ta samu masu magana da shi wajen 57,000.

Sikots na ƙasan kwari ne da gabas da tsibiran arewa. A ƙidayar 2011, karon farko da aka yi tambayar, mutum miliyan 1.5 suka ce suna magana da shi, wajen kashi 30 cikin ɗari kenan, ta 2022 ma adadin bai yi nisa da haka ba. A Shetlan da karkarar Abadin kusan rabin jama'a ne. Shi ma fa yana da nasa kare-karen, na tsakiya, na kudu, na tsibirai, da na arewa maso gabas da ake kira Dorik inda wh ke komawa f, me ya zama fit, ina ya zama far, gaisuwarsu "fit like?", saurayi loon budurwa quine. Akwai kuma reshe a Ailan ta Arewa da 'yan ci-rani suka kai a ƙarni na 17, har yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta ambace shi.

TAMBAYA: Malam kar ka ji haushi amma ni ina ganin duk siyasa ce. Masu son ɓallewa daga Birtaniya ne ke neman hujja. Na ga rubutun Sikots a intanet na karanta kusan duka ban taɓa koya ba, Turanci ne aka karkata haruffa. Ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah.

AMSA: Ba haushi ɗan'uwa, kuma ba kai kaɗai ba ne, a wani binciken gwamnatin Sikotlan na 2010 kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce su ba sa ɗaukarsa harshe, yadda suke magana ne kawai. Burns ɗin ma da ake tutiya da shi, a bangon littafinsa na 1786 karin harshe ya kira shi. Kuma har yau babu ƙa'idar rubutu guda da kowa ya yarda da ita, wannan babban giɓi ne, a ma'aunin gini da na faɗa a sama Sikots gida ne da aka kai linta aka bari ruwa na duka.

Siyasa kam akwai, ai na riga na ce ba inda aka taɓa raba harshe da kari ba siyasa a ciki. Birtaniya ta amince da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Turai ta ƙananan harsuna a 2001, a 2025 majalisar Sikotlan, wadda aka sake buɗewa daga baya, ta yi dokar da ta ba shi matsayin harshen hukuma tare da Galik. Amma cewa na 'yan ɓallewa ne bai zauna ba, a ƙuri'ar 2014 kan ɓallewa daga Birtaniya kashi 55 suka ce a zauna, cikinsu da masu Dorik ɗin da ba ka gane ko gaisuwarsu, a Ailan ta Arewa kuwa masu riƙe da Sikots su ne ma suka fi kowa son zama cikin Birtaniya. Kuma ka lura, wanda ya ce kari ne shi ma siyasa yake yi, tasa ce dai ta daɗe har ta daina kama da siyasa.

Ra'ayina tunda ka haɗa ni da Allah, harshe ne, ɗan'uwan Turanci na jini, wanda ya rasa rumfarsa ya shiga ta ɗan'uwan. Abin da ya yi shekara ɗari bakwai ana adabi da shi, aka yi dokokin ƙasa da shi, ga ƙamus ɗin John Jamieson tun 1808 ga kuma babban ƙamus na ƙasa mai juzu'i 10 da aka yi daga 1931 zuwa 1976, ga kare-karensa na kansa, ban ga da me Nowe ta fi shi ba banda tuta da ma'aikatar ilmi. Da James bai gaji Elizabeth ba inaga da yanzu ba ma wannan hirar.

Sauƙin karantawa da ka gani kuma dalili biyu ne. Tun ƙarni na 18 marubuta suka riƙa rubuta shi da haruffan Turanci don masu saye na Ingila, suna sa 'yar waƙafi a sama duk inda Bature ke tsammanin harafi, wi' a maimakon wi, a' a maimakon aw, sai ya fito kamar Turanci ne aka ci wa baki alhali ba abin da ya faɗi, masu kishin harshen yanzu sun daina sa ta. Ido yana gane abin da kunne ba zai gane ba, a karanta maka da baki ka ji.

Dalili na biyu, wataƙila abin da ka karanta ma ba Sikots ba ne. A watan Agusta 2020 aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka wanda bai iya harshen ba shi ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ta Sikots, ya fara tun yana ɗan shekara 12, ba da mugun nufi ba, shi a ganinsa taimako yake. Abin da yake yi shi ne daidai abin da kake zato, ya ɗauko jimlar Turanci ya buɗe ƙamus ya canja kalma ɗaya-ɗaya ya karkata sauran. Kama da wane ba wane ba ce. Da Sikots Turanci ne mai karkatattun haruffa da dabarar ta yi aiki, amma masu harshen na dubawa suka ce wannan ba maganar kowa ba ce. Misalin da aka fi yi masa dariya shi ne "an aw", ya ga ƙamus ya ce ma'anarta "kuma" sai ya riƙa cusa ta tsakiyar jimla duk inda Turanci ke da also, alhali ita a ƙarshen magana take zama, yaro ɗan shekara biyar a Gilasgo ba zai yi wannan kuskuren ba duk da ba wanda ya taɓa koya masa a aji. Daga baya masu harshen suka haɗu suna bin maƙalolin ɗaya bayan ɗaya, wasu a gyara, dubbai kuma gogewa kawai aka yi don ba su gyaruwa.